Darasin Kimiyya: Yadda Ƙuda Yake Ba da Shaida a Kotu



Duk mai bin hanyar bayan katangar makaranta ya ga abin da ya faru a farkon wannan zango. Wata tunkiya ta mutu, aka ja ta aka yar a gefen bola. Kafin a tashi daga makaranta ran nan ƙudaje sun yi mata dafifi, irin manyan nan masu walƙiyar kore da shuɗi. Bayan kwana uku tsutsa ta cika ta maƙil. Kowa ya zo wucewa sai ya toshe hanci ya ƙara sauri. Mu ma mun toshe namu, amma sai wani ɗan ƙungiyarmu ya yi wata tambaya da ta hana mu sakat: da a ce ba mu ga ranar da aka yar da tunkiyar nan ba, akwai yadda za a yi mu san kwananta nawa a wurin?

Muka kai wa malaminmu na bayoloji tambayar. Ya ce akwai, kuma amsar tana jikin tsutsar da muke gudu. Ya ƙara da cewa a ƙasashe da dama da irin wannan lissafi 'yan sanda suke gano lokacin da aka kashe mutum. Amma fa, in ji shi, lissafin ba ya yiwuwa sai an fara sanin irin ƙudan da ya haifi tsutsar. Wannan shi ne darasinmu na yau: me ya sa sanin jinsin ƙwaro yake da muhimmanci haka, kuma yaya gwajin DNA yake fito da sunansa ko da abin da ya rage a jikinsa bai wuce guntun ƙafa ko busasshen ɓawo ba.

Agogon da ke jikin gawa

Idan aka tsinci gawa a daji ko a kango, tambayar farko da masu bincike suke yi ita ce: yaushe mutumin nan ya mutu? Likita yana iya kintata lokaci daga yadda jiki ya yi sanyi da yadda gaɓoɓi suka sandare. Sai dai waɗannan alamomi suna aiki ne a kwana biyu zuwa uku na farko, a ƙasa mai zafi irin tamu ma ba su kai haka ba. Daga nan sai a koma ga ƙwari.

Koren ƙudan nan yana jin warin gawa tun daga nesa, kuma yakan iso cikin mintoci ko 'yan sa'o'i kaɗan, muddin da rana ne kuma babu abin da ya tare shi. Macen takan zuba ƙwai ɗari da ɗoriya a lokaci guda, a ido ko hanci ko baki ko kan rauni. Cikin kwana ɗaya ko ƙasa da haka ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta fito. Tsutsar tana ci tana girma, ta yi saɓa sau biyu, wato tana bin matakai uku ke nan. In ta ƙoshi sai ta sauka daga jikin gawar ta nemi busasshen wuri, galibi cikin ƙasa. A can fatarta take ƙandarewa ta zama ɓawo mai launin ƙasa-ƙasa kamar ƙwayar shinkafa mai kauri. A cikin ɓawon nan take rikiɗa, bayan 'yan kwanaki sabon ƙuda ya fasa ya fito, ya bar ɓawon a wurin.

Kowane mataki yana da tsawon lokacinsa, kuma zafi ne yake tafiyar da shi. In ana zafi girman ya yi sauri, in ana sanyi ya yi nawa. Saboda haka idan masani ya ɗauki tsutsar da ta fi kowace girma, ya auna ta, ya samo bayanin yanayin zafin wurin na kwanakin da suka gabata, zai iya lissafawa baya har zuwa ranar da aka zuba ƙwan. Mu lura da kyau a nan: abin da lissafin yake bayarwa shi ne mafi ƙarancin kwanakin da mutumin ya yi da mutuwa. Yana iya yiwuwa ya mutu kafin ranar, amma da wuya a ce bayanta ne.

Ilimin ya daɗe

A shekarar 1247 wani alƙali a ƙasar Sin mai suna Song Ci ya rubuta littafi a kan binciken gawa. A ciki ya kawo labarin wani mutum da aka kashe da lauje a wani ƙauye. Mai bincike ya sa kowa ya kawo laujensa aka jera a ƙasa. Duk laujunan a wanke suke, amma ƙudaje suka taru a kan guda ɗaya, saboda sun ji ragowar jinin da ido ba ya gani. Mai laujen ya amsa laifinsa.

A Turai kuwa an daɗe ana zaton ruɓaɓɓen nama ne da kansa yake zama tsutsa. A 1668 wani likita ɗan Italiya, Francesco Redi, ya zuba nama a kwalabe, ya bar wasu a buɗe, ya rufe wasu da ƙyalle mai shara-shara. Tsutsa ta fito a naman da ƙuda ya samu sauka kawai. Daga nan aka tabbatar cewa kowace tsutsa tana da uwa. A 1894 wani Bafaranshe mai suna Jean-Pierre Mégnin ya wallafa littafi da ya nuna cewa ƙwari suna zuwa wa gawa ne rukuni-rukuni, kowane da lokacinsa: ƙudaje a farko, wasu ƙwari masu cin busasshiyar fata da gashi daga baya.

A watan Satumba na 1935 aka tsinci sassan jikin mata biyu a wani kwazazzabo kusa da garin Moffat a Sikotland. Wani masani a Jami'ar Glasgow, Dakta Alexander Mearns, ya duba tsutsar da ke jiki, ya gane ta ƙudan da ake kira Calliphora vicina ce, ya ce ta yi kwana 12 zuwa 14. Wannan ya zo daidai da lokacin da matar wani likita mai suna Buck Ruxton da 'yar aikinta suka ɓace a garin Lancaster na Ingila. Da wannan da sauran hujjoji aka kama likitan, kotu ta same shi da laifi, aka rataye shi a 1936. Mu lura cewa Mearns bai fara ƙirga kwanaki ba sai da ya san sunan ƙudan.

Kama da wane ba wane ba ne

A wurinmu ƙuda ƙuda ne. A wurin masana kuwa, dangin koren ƙudan nan kaɗai sun haura jinsi 1,000. A nahiyarmu ta Afirka akwai irin su Chrysomya albiceps da Chrysomya putoria, da kuma Chrysomya megacephala wanda asalinsa daga yankin Asiya ya yaɗu. Kowane jinsi da saurin girmansa. Wani yana son zafi, wani sanyi, wani cikin gari, wani daji.

Ga misali da muka ƙirƙira don mu ga abin da ke cikin lamarin. A ce an tsinci gawa ranar 20 ga wata. Ana zargin wani mutum da suka taɓa yin rigima da mamacin. Mutumin ya dawo daga Umara ranar 15, ga hatimi a fasfonsa. An samu tsutsa mai wani tsayi a jikin gawar. In ta jinsi na farko ce, kwana 4 take buƙata ta kai wannan girma, wato ƙuda ya sauka ranar 16, lokacin wanda ake zargi yana gari. In kuwa ta jinsi na biyu ce, kwana 7 take buƙata, wato tun ranar 13 mutumin ya riga ya mutu, lokacin wanda ake zargi yana Makka. Kuskuren suna ɗaya ya isa ya sa a tsare marar laifi shekaru, mai laifin kuma yana yawo a kasuwa.

To ga inda gizo yake saƙa. Babban ƙuda ana iya gane shi ta launi da gashin jiki da jijiyoyin fiffike. Tsutsa kuwa kusan duk kamarsu ɗaya: fara, ba ƙafa, ba fiffike. Ƙwararre yakan sa ta a madubin likita ya duba ƙugiyoyin bakinta da ƙofofin numfashin da ke bayanta, amma ƙananan tsutsotsi da ƙwai sau da yawa ba sa rarrabuwa ko a hannun gwani. Akwai ma wani dangin ƙudaje masu launin toka da ratsi a baya, waɗanda matansu tsutsa suke haifa kai tsaye ba ƙwai ba. Su ko sun girma, galibi sai an duba al'aurar namijin kafin a tabbatar da jinsinsu.

Tsohuwar dabara ita ce a ɗebi tsutsar da ranta, a ba ta hanta a ɗakin gwaje-gwaje, a jira ta zama ƙuda. Har yanzu ana yin haka, amma yana cin mako ɗaya ko biyu ko fiye. Kuma yaya za a yi in tsutsar ta mutu a hanya? Yaya za a yi in an makara, ba a samu komai ba sai fasassun ɓawo a cikin ƙasa, ko murƙushen ƙwaro a naɗin tabarma?

Wani lokaci akan yi sa'a. A 2003 aka kashe wata mata da 'ya'yanta uku da mahaifiyarta a garin Bakersfield na jihar Kalifoniya a Amurka. Mijinta, Vincent Brothers, ya ce shi yana jihar Ohayo a lokacin, tazarar fiye da kilomita 3,000, kuma motar da ya yi haya ba ta je yammacin ƙasar ba. Aka cire lagireton motar aka kai wa wata masaniyar ƙwari, Farfesa Lynn Kimsey. A cikin ƙwarin da suka maƙale ta samu ƙafar wata fara da gutsattsarin wasu ƙwari waɗanda a yammacin Amurka ake samunsu. A 2007 kotu ta same shi da laifi. Ita da ido ta yi aikinta, domin ƙafar farar tana da wani jan launi da ya tona mata asiri, kuma tana da gidan adana ƙwari da za ta gwada da shi. Yawancin gutsattsarin ƙwari ba su da irin wannan alama. A nan ne DNA yake shigowa.

Mene ne DNA?

Jikin kowane mai rai, daga mutum har ƙuda har gero, an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. A cikin ƙwayoyin akwai wani dogon sinadari mai kama da zare biyu da aka murɗa tare, shi ake kira DNA. Shi ne yake ɗauke da bayanin gado, abin da ya sa ɗa yake kama da iyayensa. An rubuta bayanin ne da sinadarai huɗu waɗanda masana suke wakilta da haruffa A, T, G da C. Yadda haruffan suka jeru shi ne saƙon.

Abin da ya sa wannan ya dace da matsalarmu shi ne, jerin haruffan ba ya canzawa da girman ƙwaro. Wanda ke cikin ƙwai shi ne a cikin tsutsa, shi ne a cikin babban ƙuda, shi ne kuma a cikin ƙafar da ta karye ta faɗi. Siffa tana canzawa, rubutun yana nan yadda yake.

Ba a buƙatar karanta duka zaren. A cikin ƙwayar halitta akwai wasu ƙananan sassa masu samar da kuzari da ake kira mitokondiriya, kuma suna da nasu ɗan guntun DNA wanda ake gada daga uwa. Amfaninsa shi ne yawa: ƙwaya ɗaya tana iya ɗauke da ɗaruruwan kwafinsa ko fiye. Saboda haka ko ƙwaro ya bushe ya lalace, akwai kyakkyawan zaton wasu kwafin sun tsira.

A 1994 wasu masana uku a Kanada, Felix Sperling da Gail Anderson da Donal Hickey, suka nuna cewa ana iya rarrabe tsutsotsin ƙudajen gawa ta hanyar karanta wannan DNA na mitokondiriya. A 2003 wani masani a Jami'ar Guelph, ita ma a Kanada, mai suna Paul Hebert, ya ba da shawarar duk duniya a riƙa karanta wuri ɗaya a jikin kowace dabba, wani sashe da ake kira COI, mai haruffa kimanin 650. Ya kamanta shi da zane-zanen nan baƙaƙe da ke bayan kwalin magani ko biskit, wanda na'urar kanti take haskawa ta faɗi sunan kaya. An zaɓi wannan sashe ne domin 'yan jinsi ɗaya kusan jerinsu ɗaya ne, tsakanin jinsi da jinsi kuwa galibi akan ga bambanci a fili.

Ga misalin da muka tsara da haruffa 12 kacal:

Ƙuda na farko: A T T G G A G G A T T T
Ƙuda na biyu: A T C G G A G G T T T C

Ku duba harafi na 3 da na 9 da na 12. Irin wannan kwatance kwamfuta take yi, sai dai ita a kan haruffa ɗari shida da ɗoriya.

Daga daji zuwa ɗakin gwaje-gwaje

Mataki na farko shi ne ɗiba. Mai bincike yakan ɗebi tsutsa daga wurare daban-daban na jikin gawar, ya tona ƙasar da ke kewaye don neman ɓawo, ya auna zafin wurin, ya rubuta rana da lokaci. Wasu tsutsotsin a bar su da rai don kiwo. Sauran a tsoma su a ruwan zafi na ɗan lokaci don su miƙe a iya auna tsayinsu, sannan a zuba su a sinadarin itanol mai ƙarfi. Ba a sa su a fomalin, ruwan nan da ake adana kwaɗi da macizai a ɗakin bayoloji, domin yana lalata DNA.

Mataki na biyu shi ne hakowa. A yanki ɗan ƙaramin nama ko ƙafa ɗaya, a niƙa, a zuba sinadaran da suke fasa ƙwayoyin halitta, a tace har DNA ya rage shi kaɗai. Ragowar jikin ƙwaron a adana shi, domin lauyan wanda ake tuhuma yana da haƙƙin neman a sake gwaji.

Mataki na uku shi ne ninkawa. Abin da aka samu ya yi kaɗan ƙwarai, don haka ake amfani da wata dabara mai suna PCR, wadda Ba'amurke Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983, har ta kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1993. Na'ura ce take ɗumama 'yar kwalbar zuwa kusan digiri 95 don zaren biyu su rabu, ta sanyaya ta, sannan wani sinadari ya gina wa kowane zare sabon abokin murɗi. Kowane zagaye yana ninka adadin sau biyu: 1, 2, 4, 8, 16. 'Yan ajin lissafi su gwada su gani, zagaye 30 yana kai kwafi ɗaya zuwa fiye da biliyan ɗaya, kuma cikin 'yan sa'o'i ake gamawa.

Mataki na huɗu shi ne karantawa. Wata na'ura ce take fitar da jerin haruffan ɗaya bayan ɗaya, bisa hanyar da Bature ɗan Ingila Frederick Sanger ya fito da ita a 1977.

Mataki na biyar shi ne kwatantawa. A ɗora jerin a intanet, a gwada shi da manyan rumbunan bayanai guda biyu, GenBank da ke Amurka da BOLD da ke Kanada, inda masana daga ko'ina suke ajiye jerin haruffan halittun da suka tantance. In jerin ya yi daidai ko kusan daidai da na wani jinsi, kuma ya yi nisa da na sauran, to an samu suna. Daga nan sai a ɗauko jadawalin girman wannan jinsi a fara ƙirga kwanaki.

Haka ake yi wa fasasshen ɓawo ma. Ƙudan ya tafi, amma ya bar 'yar fatar jikinsa a ciki. Masana sun nuna ana iya samun DNA daga irin wannan ɓawo, sai dai gwargwadon daɗewarsa a ƙasa gwargwadon wahalar aikin.

Sunan yana da wani amfani bayan ƙirga kwanaki. In aka samu tsutsar ƙudan cikin gari a jikin gawar da aka tsinta a tsakiyar daji, masu bincike za su yi zargin a wani wuri aka yi kisan, daga baya aka ɗauko gawar.

Abin da ke cikin cikin ƙwaro

Ƙwaro yana ɗauke da DNA iri biyu: nasa na kansa, da na abin da ya ci. A 2012 wasu masana a jihar Nuevo Leon ta ƙasar Meziko suka ba da rahoton wata gawa da aka tsinta a ƙone, har ba a iya gane ko ta wane ce. Suka ɗauki tsutsa uku daga jikinta, suka fede cikinsu, suka samo DNA na mutum. Aka gwada da na wani dattijo da 'yarsa ta ɓace makonni kafin nan, sakamako ya nuna fiye da kashi 99 cikin 100 cewa shi ne mahaifin. Da haka iyalin suka san makomar 'yarsu.

A 2008 kuma 'yan sandan ƙasar Finlan sun samu wata motar sata da aka yar, a ciki suka ga sauro da ya sha jini ya ƙoshi. Aka gwada jinin, ya dace da na wani mutum da ke cikin rajistarsu. Mutumin ya ce shi bai saci mota ba, rage masa hanya aka yi. Wannan ya koya mana iyakar irin wannan shaida: sauron ya nuna mutumin ya shiga motar, amma bai faɗi wanda ya tuƙa ta ba. Sauran aikin na mai bincike ne da alƙali.

Inda hanyar take da rauni

Kada mu ɗauka in an ce DNA magana ta ƙare. Akwai jinsunan da suke kusa da juna ƙwarai har wannan sashe na COI ba ya raba su. Misali Lucilia sericata da Lucilia cuprina, ƙudaje biyu da suka yi barbara da juna a wasu wurare, har akan samu ɗaya ɗauke da DNA na mitokondiriyar ɗayan. A irin wannan hali sai an ƙara karanta wani sashe daga cibiyar ƙwayar halitta. Haka kuma gurɓata tana iya shiga: tun da PCR tana ninka duk abin da ta samu, almakashin da ba a wanke ba ya isa ya kawo sakamakon ƙarya.

Ko an samu sunan daidai, lissafin kwanaki yana da nasa tarkon. Gawar da aka kulle a ɗaki ko aka naɗe da bargo, ƙuda yakan makara kafin ya kai gare ta. Tarin tsutsa yana haifar da nasa zafin, wanda ya fi na iskar waje. An kuma gano cewa in mamacin ya sha wasu ƙwayoyi, irin su hodar iblis, tsutsar takan yi saurin girma fiye da ƙa'ida. Shi ya sa masanin kirki ba ya ce wa kotu ƙarfe kaza aka yi kisa. Yakan ce tsakanin rana kaza da rana kaza.

Babban raunin kuwa, wanda ya fi shafar mu, shi ne na rajista. Mu ɗauka baƙo ya zo makarantarmu da lambar ɗalibi yana neman sunansa. In ba a taɓa rubuta ɗalibin a rajista ba, lambar ba ta da amfani. In kuma an rubuta lambar a gaban sunan wani, to an ma fi shiga matsala. Haka rumbunan nan suke. Kwamfuta ba ta san ƙuda ba, abin da mutane suka zuba mata take mayarwa. Kafin jerin haruffa ya shiga rumbu, sai wani ya kama babban ƙudan, ya tantance shi da ido, ya karanta DNA ɗinsa, ya ajiye. An yi wannan aiki sosai a Turai da Arewacin Amurka. A Afirka ta Yamma har yanzu da sauran tafiya.

Jadawalin girma ma haka. Wanda aka auna a Ingila ba zai yi wa Sakkwato aiki a watan Afrilu ba, lokacin da zafi yake haura digiri 40. Ƙudan da yake yawa da damina ba lalle ne a gan shi da hunturu ba. Gwamnatin Jihar Legas ta buɗe cibiyar gwajin DNA a 2017, wato na'urorin sun fara isowa ƙasar nan. Amma ba wanda zai zo daga waje ya zauna shekara guda yana ƙirga ƙudajen mahautar garinmu wata bayan wata. In za a yi wannan aiki, 'yan ƙasa ne za su yi shi, kuma ba mamaki wasunsu suna tsaye a gaban wannan allo yanzu. Masu tunanin abin da za su karanta a jami'a su sani cewa sashen nazarin dabbobi da na kimiyyar sinadaran jiki duk ƙofofi ne zuwa wannan fage.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Allah ya kiyaye, amma in wani ya ci karo da gawa a gona ko a kango, kada ya taɓa, kada ya juya ta, kada ya fesa maganin ƙwari ko ya zuba kananzir don korar ƙuda, kada kuma ya share wurin. Ya sanar da mai unguwa da 'yan sanda nan take. Mun san tausayi ne yake sa mutane gaggawar suturta mamaci, kuma addini ya koya mana girmama shi. Ɗibar ƙwari ba ta wuce aikin 'yan mintoci ba, kuma tana iya zama hanyar da za a bi wa mamacin haƙƙinsa, a kuma wanke wanda ba shi da hannu.

Gwajin da za mu iya yi

Da izinin malamin bayoloji, ƙungiyarmu za ta maimaita gwajin Redi a bayan ɗakin gwaje-gwaje, nesa da kicin. Za mu sa 'yar hanta a kwalabe biyu, ɗaya a buɗe, ɗaya a rufe da ƙyalle. Kullum da safe da yamma za mu rubuta zafin wurin da abin da muka gani: yaushe ƙuda ya fara sauka, yaushe ƙwai ya ƙyanƙyashe, yaushe tsutsa ta bar naman, yaushe sabon ƙuda ya fito. Za mu sake yi da damina mu kwatanta. Mai son shiga ya ba da sunansa ga sakataren ƙungiya, ya kuma zo da safar hannu da takunkumi.

Tambayoyin wannan fitowa

1. Me ya sa lissafin tsutsa yake ba da mafi ƙarancin kwanakin mutuwa, ba ainihin ranar ba?
2. Kawo dalili ɗaya da ya sa ake karanta DNA na mitokondiriya idan ƙwaro ya lalace.
3. In aka fara da kwafi ɗaya, kwafi nawa za a samu bayan zagaye 10 na PCR?
4. A labarin sauron Finlan, me jinin ya tabbatar, me kuma bai tabbatar ba?

A rubuta amsa a takarda tare da suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen mutum uku na farko da suka amsa daidai a fitowa ta gaba, tare da sakamakon kwalabenmu in Allah ya kai mu.